Baƙin Zare a Reshen Atar

Kwana tara ke nan Adawiyya tana kashe shukar mahaifiyarta da hannunta.

Da safe ta juye mata buta guda, da azahar ta ƙara, da la'asar ta sake ƙarawa, har ƙasar tukunyar ta koma caɓi. Alhali duk Daura babu wanda ya kai ta sanin cewa atar ba ta son ruwa da yawa. Marigayiya Ummanta ta sha gaya mata, "Sai kin tsoma yatsa kin ji ƙasar ta bushe, sannan ki ba ta. In kika cika mata ruwa saiwar ce za ta ruɓe."

Yau ma ta durƙusa a gindin randa inda tukunyar take, tana tsiyaya ruwa hawaye na bin kumatunta.

"Ki yafe min Umma," ta faɗa a hankali. "Wallahi sai na rama."

Ita wannan shuka baban Adawiyya ne ya zo da ita a gwangwanin madara, tun yana tuƙin babbar mota zuwa Agadas. Wani Balaraben Libiya ya ba shi, ya ce sunanta atar. Ganyenta mai gashi-gashi ne, gefensa a yayyanke kamar an bi shi da almakashi. In ka wuce ta gabanta ba za ka ji komai ba, amma kana murza ganye ɗaya sai ƙamshin wardi da na lemon tsami ya kama yatsunka, ya wuni bai sake ka ba.

Umma tana jefa ganye biyu a shayi. Tana ajiye reshe a taga saboda sauro. Tana jiƙa shi a man riɗi ta ba masu ƙaiƙayin fata. Uwa-uba shi ne sirrin humrarta, wadda amare ke aikowa nema tun daga Zango da Dutsi. Da iyayen suka rasu, Adawiyya ta dawo hannun ƙanen babanta Baffa Kalilu, da tukunyarta da sana'ar uwarta.

Har tsarin Umma ta gada. Duk reshen da ta tsinki ganyensa sai ta ɗaura masa baƙin zaren kitso a gindi, ƙulli uku, don ta tuna ta bar shi ya huta kwana arba'in. In reshen ya yi kauri sai zaren ya nutse a jikinsa, ba ka ganinsa sai ka ɗaga ganye ka duba da kyau.

"Ke Adawiyya! Kuka kike yi wa ciyawa?"

Inna Rahmatu ce, matar Baffa, ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Inna mutuwa take yi."

"To ta mutu mana! Ita ta ja miki abin da ta ja miki. Ki gode wa Allah da Sabiru bai fasa ba. Wane namiji ne zai ji abin da aka faɗa a kanki ya ce har yanzu yana so? Ki rufa wa kanki asiri ki rufa mana."

Adawiyya ta sunkuyar da kai, ta ce, "Na ji Inna. Ai na ce na yarda."

Inna ta koma kicin tana murna. Da ta waiwayo ta ga irin kallon da aka bi bayanta da shi, da murnar ta koma ciki.

Ga abin da ya faru wata uku da suka wuce.

An riga an sa ranar Adawiyya da Ikrima, wani tela mai sanyin hali da ke da shago a zauren gidansu. Shekara biyu suna son juna. Shi kuwa Sabiru dillalin shanu ne a kasuwar Mashi, abokin hulɗar Baffa, ya yi naci har ya gaji ta ce ba ta yi.

Wata Asabar da hantsi Sabiru ya ɗauki Baffa a mota, wai zai raka shi ya ba da ɗinki. Suka shiga shagon Ikrima. Sabiru ya shaƙi iska, ya ce, "Baffa, wannan ƙamshin fa? Kamar na gidanka." Ya ɗaga labulen da ke kare katifar Ikrima, sai ga ɗankwalin Adawiyya a ƙarƙashin filo, an naɗe reshen atar a ciki.

Ikrima ya rantse har da dafa Alƙur'ani bai san yadda aka yi ba. Adawiyya ta nuna wa Baffa inda aka yanke mata rassa uku da reza, ta ce ita da hannu take karyawa, kuma ɗankwalin a kan igiyar shanya ya ɓace. Baffa ya ce ita ta yanke ta kai masa.

"Duk garin nan gidan wa ke da wannan ganye in ba nan ba?"

Kafin magariba Sabiru ya zauna a majalisar bakin kasuwa, ya faɗi abin da ya fi haka muni, ƙarara, a gaban mutane. Washegari Baffa ya ɗauki akwatin sa rana da goro da alawa, ya mayar gidan su Ikrima da ƙafarsa.

Allah sarki. Matan da ke layi a ƙofarta don humra suka ɗauke ƙafa. In ta wuce a yi shiru, in ta ba da baya a fashe da dariya. Ni kaina da nake ba ku labarin nan, in na tuna ramar da yarinyar nan ta yi sai raina ya ɓaci.

Tana cikin wannan hali aka matsa mata ta je wani suna a maƙwabta. Wata mata ta zauna kusa da ita, sai ƙamshi ya daki hancinta. An cika masa turare mai ƙarfi, amma ko a cikin barci aka shinshina mata ta san atar.

"Baiwar Allah, ina kika sayi humrar nan?"

"Wajen Barakatu, ƙanwar Sabiru dillali. Sabon haɗi ne ta fito da shi."

Barakatu! Wadda ta zo gidansu ana jibi abin zai faru, wai ta zo sayen turaren wuta, ta ce za ta zaga bayi, ta daɗe a tsakar gida.

Adawiyya ba ta yi kuka ba a ranar. Ta dawo gida ta zauna ta zuba wa tukunyar ido har rana ta yi sanyi. Ta san in ta faɗa, Barakatu za ta tuge abin da ta shuka ta jefa a masai, a ce sharri ne na mai neman mafita. Sai dai su kawo shi da hannunsu. Da gari ya waye ta shaida wa Baffa ta amince da Sabiru, sannan ta ɗauki buta.

Ranar Talata tana dawowa daga Islamiyya da rana tsaka, ta ji an kira sunanta daga gindin wata darbejiya. Ta waiwaya. Ikrima ne, ya yi baƙi ya rame, rigar ta yi masa yawa.

"Adawiyya, da gaske ne abin da na ji?"

Ta ja mayafinta, ta tsaya nesa da shi. "Me ka ji?"

"Wai jibi Alhamis za su kawo kaya. Sabiru, Adawiyya? Mutumin da ya zauna a bakin kasuwa ya yaga mu?"

"Kai me ka yi da ya yaga mu?" in ji ta. "Wata uku Ikrima! Wata uku ina shan zagi a gida da waje. Ka shige shago ka rufe ƙofa ka bar ni da mutanen gari."

"Me zan yi? Na rantse ba a yarda ba. Na je gidanku sau huɗu Baffa ya ce in ya sake ganina sai ya haɗa ni da hukuma. Mahaifiyata tun ranar take kwance, ko ƙofar gida ta daina leƙawa don kunya. Ni talaka ne, ba ni da bakin da za a ji."

Hawaye suka zubo masa, bai ko share ba. Nata ma suka ɓalle.

"Ka taɓa zargina? Ka gaya min gaskiya. Ka taɓa cewa a ranka ko ni na sa aka kai, don in ɗaure ka?"

"Wallahi tallahi ko sau ɗaya. Ke fa? Kin taɓa zaton ni na sace?"

Ta girgiza kai.

Ya ce, "Ba zan iya zama in ga an kai ki gidansa ba. Na ɗaure keken ɗinkina. Ranar Alhamis ɗin zan bi motar yamma in tafi Kano, kuma ba na jin zan sake dawowa Daura."

Ta so ta gaya masa komai, amma ta san Ikrima, fuskarsa ba ta iya ɓoye abu, kuma bakin kasuwa ba shi da nisa da shagonsa. Ta haɗiye maganar.

"Alfarma ɗaya nake nema. Kada ka fita daga gida sai ka ji kiran sallar la'asar."

"Don me?"

"In har ka taɓa sona, ka yi min wannan."

Ya gyaɗa kai. "Zan jira har a kira. Ana kira zan tafi."

Da yammacin ranar Sabiru ya zo zance, ya cika layi da hon, ya shigo zaure yana kaɗa makullin mota. Ya tarar da ita idanu a kumbure, tukunyar a gabanta, ganyen duk ya yi rawaya ya langaɓe.

"Amarya, wa ya taɓa min ke?"

"Babu kowa. Auren ne dai nake jin ba zai yiwu ba."

Makullin ya tsaya cak. "Kamar yaya?"

"Umma ta bar min wasiyya, duk gidan da zan shiga in shiga da atar. Ga ta nan ta mutu. Ni kuwa ba zan taka ɗakin kowa ba sai da mai rai a hannuna, ko da zan tsufa a gidan Baffa. Kuma na san babu inda za a same ta, sai dai a tafi Libiya." Ta share ido da gefen mayafi. "Ikrima ma ya taɓa nema min har Katsina bai samu ba. Abin ba na kowa ba ne."

Sunan ya soke shi inda take so. Ya yi wata dariya ya gyara hula.

"Ki daina haɗa ni da tela. Ni Sabiru in na ce a kawo abu, ko a bayan duniya yake sai an kawo. Ina da yaran mota masu zuwa Jos, can babu irin furen da babu. Kwana biyu ya yi yawa."

"Da gaske?" Ta ɗago ta yi masa murmushin da bai taɓa samu ba. "To ka zo da ita ranar Alhamis tare da kayan. Ka miƙa min a gaban Baffa da Malam Audi liman, su sa albarka, kowa ya san wanda ya cika wasiyyar Umma."

Ya tafi yana jin kansa a sama. Yana fita ta tofar da yawu a inda ya zauna.

Ranar Alhamis bayan azahar falon Baffa ya cika. Ga Malam Audi limamin unguwa, ga mai unguwa, ga kawunnan Sabiru biyu da suka zo daga Mashi. Shi ango bai kamata a gan shi a wurin ba, amma ɗoki da son a yaba suka shigo da shi, rungume da sabuwar tukunyar roba. Rassa biyu ne a ciki, kore shar.

Aka kira Adawiyya. Ta shigo da sallama, ta durƙusa ta gaishe su, ta ajiye wani abu a gefenta rufe da tsumma.

Sabiru ya tura mata tukunyar. "Ga alkawari. Jiya ta sauka daga Jos."

"Daga Jos?"

"Daga Jos."

"Malam, ka ji ko? Baffa, ka ji?"

Malam Audi ya yi murmushi. "Mun ji 'yata. Allah ya sa albarka."

Sai ta sa hannu ta damƙi gindin rassan, ta fizge su gaba ɗaya. Ƙasa ta watse a kan dardumar Baffa.

"Ke! Kin haukace ne?" Baffa ya daka mata tsawa.

Ba ta ko dube shi ba. Ta kakkaɓe ƙasar, ta goge gindin da babban yatsa, ta miƙa wa liman.

"Malam, don Allah duba min nan, sama da saiwar kaɗan. Me ka gani?"

Malam Audi ya gyara tabarau, ya kai kusa da ido. "Zare ne. Baƙin zare, ya nutse a jikin itacen. Da ƙulli... uku. Ɗayan ma haka."

Ta yaye tsumman. Tukunyar Umma ce, rassan sun yi baƙi sun ruɓe. Ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da baƙin zarensa da ƙullinsa uku. Sannan ta nuna kututture uku da aka yanke da reza.

"Baffa, shekara nawa kana ganin matar yayanka tana ɗaura zaren nan? Ko mutanen Jos ma wajen Umma suka koya?"

Baffa ya kawar da kai.

"Rassa uku aka sace min rana ɗaya da ɗankwalina. Ga biyu a hannun Malam. Na ukun yana cikin durowarka Baffa, inda ka kulle shi ka ce shaida ce. A ɗauko a duba gindinsa."

Babu wanda ya tashi, don babu wanda bai gane ba. Duk ido ya koma kan Sabiru. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Ni... ai ba ni na yanka ba. Barakatu ce. Ni ɗaya kawai na ce ta kawo min, ita ta ƙara biyu don humrarta..."

Ya kama bakinsa, amma maganar ta riga ta fita.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Malam Audi. "Ɗaya ka ce ta kawo maka. Ka kai ina, Sabiru?"

Babban kawun Sabiru ya cire hula ya ajiye a gwiwa, ya ce, "Yarinya, ki dubi Allah. Kuskure ne na ƙuruciya da zafin so. A bar maganar nan a ɗakin nan, a rufa asiri."

"Wa ya rufa nawa?"

Ta miƙe tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban manya.

"A ɗaki ya faɗa da za a bar ta a ɗaki? A bakin kasuwa ya faɗa, mai unguwa yana zaune. Ya kira ni da sunan da ba a kiran 'yar Musulmi da shi. Malam, ku kuka karantar da mu hukuncin wanda ya yi wa mace ƙazafi bai kawo shaidu huɗu ba."

Malam Audi ya sunkuyar da kai. "Bulala tamanin ne, in alƙali ya tabbatar."

"To gaban alƙali za mu. Ban yafe ba, ba kuma zan yafe ba. Ina so a kwantar da shi a inda mutane za su taru su gani, kamar yadda suka taru suka ji. Ita ma Barakatu ta zo ta faɗi wanda ya aike ta."

Sabiru ya zube a gabanta. "Adawiyya, don girman Allah, sonki ne ya..."

"Kada ka sake kama sunana."

Baffa ya yi gyaran murya. "Adawiyya, ni ma a ce me? Ƙamshin nan na ji da hancina. Kowa ya ji shi a ɗakin saurayi abin da zai zata ke nan."

Wannan maganar ta fi komai ƙona mata rai. Ta karɓi rassan daga hannun liman, ta tsinki ganye cike da tafinta, ta murje shi da ƙarfi, ta watsa a tsakiyar falon. Nan take ƙamshin ya turnuƙe ɗakin, ya kama riguna da rawuna.

"To ga shi nan a jikinku duka. Malam, shinshina hannunka. Mai unguwa, shinshina rigarka. Yanzu a gaya min, ɗakin wa na shiga a cikinku?"

Babu wanda ya iya ɗaga ido. Daga bakin ƙofa aka ji Inna Rahmatu ta fashe da kuka.

Adawiyya ma hawayen ne suka zo mata, amma ba ta bar su sun karya mata murya ba. Ta durƙusa a gaban Baffa, ta ɗora masa reshe ɗaya a tafin hannu.

"Baffa, kai ne ubana, ba ni da wani. Shukar da uwata ta raina shekara ashirin na kashe da hannuna, don kawai ka yarda da abin da na gaya maka kyauta tun ranar farko. Da ƙafarka ka mayar da akwatin Ikrima. Da ƙafarka nake so ka je ka kai wa mahaifiyarsa wannan, ka gaya mata ɗanta ba fasiƙi ba ne, 'yarka ma haka. Kuma ta bakin kasuwa za ka bi, kana riƙe da shi a fili, duk wanda ya tambaye ka ka ba shi amsa."

Baffa ya ƙura wa reshen ido. "Zan je 'yata. Gobe da sassafe in Allah ya..."

"Babu gobe. Ya ɗaure kekensa. Ana kiran la'asar zai bar Daura."

Baffa ya dubi agogon bango, ya zabura ya miƙe. Dattijon da ko gobara ba ta sa shi sauri, yau ga shi yana laluben takalmi, ya sa ƙafar hagu a na dama, ya fice haka nan babu hula, reshen a hannunsa.

Adawiyya ta ɗauki ɗayan, saiwarsa duk ta tsittsinke. Ta ratsa ta gefen Sabiru kamar ba mutum ne a durƙushe ba, ta fita tsakar gida. Ta juye ruɓaɓɓiyar ƙasar tukunyar Umma a bayan randa, ta ɗebo busasshiya ta zuba, ta kafa reshen a tsakiya ta danna da yatsu. Ta miƙa hannu wajen buta, sai ta janye.

Tana nan durƙushe, hannu duk ƙasa, tana lissafa a ranta ko Baffa ya kai bakin kasuwa ko bai kai ba, sai lasifikar masallacin unguwa ta yi ƙara, ladan ya hura ta sau biyu.

"Allahu Akbar, Allahu Akbar..."